Gidan abinci mai rassa ko na mutum ɗaya, ina kuka fi zuwa?

Ɗan_Hanya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta, ku yi haƙuri da ni.

Aikina haɗa injina ne da gyaransu, kusan rabin kowane wata a hanya nake yinsa. Idan na sauka a garin da ban sani ba, gidan abinci mai rassa nake nema, irin wanda tambarinsa ɗaya ne duk inda ka je, don ba ni da lokacin da zan yi ciwon ciki a bakin aiki. Idan kuwa ina gida, shekara 11 ke nan wurina ɗaya ne: wani ɗan gidan abinci mai tebur shida, na wata dattijuwa da ɗanta. Ita ce a kicin, shi ne a wajen karɓar kuɗi da kai faranti. Ba su da takardar jerin abinci, allo ne a jikin bango ana rubutawa da alli, abin da ya ƙare a sa hannu a goge. Teburin da ke gindin taga ƙafarsa ɗaya ta gaza, an ninke kwali an tokare ta, nan ne mazaunina. Shekarar da likita ya ce in rage gishiri, sau ɗaya tak na gaya mata. Tun daga ranar take ɗebe mini tawa miyar a ƙaramar tukunya kafin ta ƙarasa zuba gishiri a babbar.

Wata biyu da suka wuce na dawo daga tafiya na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta taga, an kwashe tebura, sai shatin allon a bango.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wannan. Ofishinmu sai da rasit suke biyan kuɗin abincin tafiya, don haka na saba jefa kowane rasit a ambulan. Daren nan na zazzage ta, na ware na ranakun da nake gari. Na ƙirga 63 a shekara guda, duk na manyan gidajen nan masu rassa. Kwana 63 ke nan ina gari ban je wurinta ba, alhali bakina bai daina cewa ni ɗan gidanta ne ba. Dalilan kuwa ba su taka kara sun karya ba: akwai wurin ajiye mota, akwai sanyin na'ura, ana karɓar kati, cikin minti goma ka ci ka tashi.

Matata ta ce in daina ɗora wa kaina laifi, kasuwa ce, kowa inda ya ga sauƙi yake zuwa. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. To ku ina kuka fi zuwa, kuma me ya sa? Akwai wani bambanci na gaske a abincin da tsaftar da inda kuɗin ke tafiya, ko sabo ne kawai yake cina?

Tsohon_Kuku:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekara 4 a kicin ɗin gidan abinci mai rassa, na yi 6 a na wani mutum mai zaman kansa, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

A na kamfani, abin da muke yi ya fi kama da haɗawa a kan girki. Kaza tana zuwa a yanke, an riga an jiƙa ta da kayan ɗanɗano, a daskare cikin kwali. Miya tana zuwa a leda, ba wanda ya san abin da ke cikinta sai masu haɗa ta a can babban kicin. Kowane injin suya yana da agogonsa, ka tsoma kwando ka danna, idan ya yi ƙara ka ɗaga. Kowace roba a firji da takarda manne a jikinta, ranar da aka buɗe da ranar da za a zubar. Akwai tsinken auna zafi da muke soka wa kaza, idan cikinta bai kai digiri 74 ba, ba ta fita. Abin da ya wuce lokacinsa a wurin ɗumama, shara za shi ko da kyansa, kuma na sha jin zafin hakan. Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. Gidan abincin White Castle da aka buɗe a Wichita ta Amurka a 1921, lokacin mutane suna tsoron niƙaƙƙen nama, shi ya sa suka yi gini fari fat, ma'aikata cikin fararen kaya, ana suya a gaban idonka. Su kuma 'yan uwan nan biyu masu McDonald's, a 1948 suka zaftare jerin abincinsu ya koma kala 9, suka tsara kicin kamar masana'anta, kowa da abu ɗaya da yake yi. Manufar ita ce yaron da ya fara aiki jiya ya fitar da abin da na shekara biyar zai fitar.

A wurin mai zaman kansa, maigidanmu da asuba yake fita sayayya da kansa. Idan kifin ranar bai yi masa ba, ranar babu kifi, ko wa zai zo. A nan na koyi ɗanɗana abinci da harshena, don a wancan ba a taɓa tambayar ra'ayin harshena ba. Sai dai tsaftar wurin gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya take. Namu mai tsantseni ne, amma na taɓa yin sati biyu a wani wurin na gudu, saboda man suya sai ya yi baƙi ƙirin ake ƙara sabo a kansa.

Ta fuskar ma'aikaci ma akwai magana. Kamfani bai taɓa jinkirta mini albashi ko da kwana ɗaya ba. Maigidan nan kuwa yakan kai tsakiyar wata bai biya ba. Amma da mahaifiyata ta kwanta asibiti, shi ya rufe kicin da wuri ya kai ni da motarsa, ya ba ni rance ba takarda. A wancan kuwa fom aka miƙo mini.

Tukunyar gishirin nan taka, a gidan kamfani ko manaja ba shi da ikon yi maka ita, don miyar da gishirinta ta iso.

Maman_Biyu:

Ni kam gaskiya ina bayan masu rassa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙaramar 'yata jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ko kaɗan ta shiga bakinta sai leɓe ya kumbura numfashi ya fara sarƙewa. A manyan gidajen nan ina iya duba jadawalin abubuwan da ke cikin kowane abinci tun kafin mu fita daga gida, kuma abin da na karanta shi za a kawo. A ƙasashen Tarayyar Turai ma tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa duk mai sayar da abinci, babba ko ƙarami, ya iya faɗin ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da aka san suna tayar wa mutane da irin wannan ciwo, gyaɗa da madara da ƙwai da kifi na ciki. Amma a aikace masu rassa sun fi riƙe abin, don su a rubuce yake tun daga sama.

A wani ƙaramin wuri na taɓa tambaya, mai kawo abincin ya yi murmushi ya ce babu komai Hajiya. Na dage ya shiga ya tambayo, ashe da man gyaɗa suke suya. Ba mugunta ba ce, bai san abin yana kisa ba. Tun ranar, ƙaramin wuri sai wanda na ga mai girkin ido da ido.

Mai_Lissafi:

Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Zan ƙara abu ɗaya a kan maganarki: tsarin da ke sa abinci ya zama iri ɗaya ko'ina, shi ne kuma ke sa kuskure ya bazu ko'ina. A 1993 a yammacin Amurka, gurɓataccen naman da bai gama dahuwa ba a rassan gidan abincin Jack in the Box ya kwantar da mutum fiye da 700, yara 4 suka rasu. Ƙaramin wuri idan ya yi kuskure, iyakarsa masu cin ranar.

Malam Ɗan_Hanya, batun inda kuɗi ke tafiya shi ne fannina. Mutane da yawa suna ɗauka kowane reshe na kamfanin ne, ba haka ba ne. McDonald's yana da rassa fiye da 40,000 a ƙasashe sama da 100, kuma kusan kashi 95 cikin 100 wasu 'yan kasuwa ne ke gudanar da su bisa yarjejeniyar hayar suna. Mai reshen da kake zuwa yana iya zama maƙwabcinka, yaran da ke aiki a ciki ma 'yan gari ne. Abin da ke fita waje shi ne kason da yake biya na amfani da suna, da kason talla, wani lokaci da kuɗin hayar ginin, don tun zamanin Ray Kroc, mutumin da ya yaɗa McDonald's, wanda ya buɗe reshensa na farko a 1955, kamfanin ya gane ribar mallakar fili ya ba masu rassa haya. A lura kuma, daga ciniki ake cire kason nan, ba daga riba ba, ko ya ci ko ya faɗi sai ya biya. Sannan ba shi da 'yancin sayen kaya inda ya ga dama, sai wurin dillalan da aka amince masa. A ganina nan ne babban bambancin. Dattijuwarka tana sayen albasa da kaji a hannun mutanen da ke kewaye da ita, mai gyara mata firji ma na kusa ne, kuɗinka yakan zaga hannu biyu ko uku kafin ya bar unguwa.

Wani abin kuma, duk manyan nan daga shago ɗaya suka taso. Kanar Sanders na KFC a gidan mai ya fara ciyar da matafiya a Corbin ta jihar Kentaki, sai 1952 aka buɗe reshen haya na farko. Nando's a 1987 gida ɗaya ne a Johannesbag. Jollibee na Filifin daga shagon askirim ya faro a 1975. Don haka ni ba na kallonsu a matsayin mugaye.

Rasit 63 ɗinka kuwa ba su suka rufe ta ba. A littattafan lissafin ƙananan gidajen abinci da na riƙe, abin da ya fi durƙusar da su haya ce idan ta tashi, da rashin mai gado idan ƙarfi ya ƙare. Amma ba zan ce maka ba su da nauyi ba. Wuri mai tebur shida da 'yan tsirarun masu zuwa kullum yake numfashi.

Baƙon_Gari:

Ni abin da ke damuna ɗanɗano ne. Na yi tafiye-tafiye, sai ka sauka a gari mai nisa, ka ga titin da ke gaban masaukinka tamburansa iri ɗaya da na inda ka baro. Idan yaro ya tashi da soyayyen dankali mai ɗanɗano ɗaya tun yana goye, harshensa a kan wannan zai tsaya, duk abin da ya saɓa sai ya ce bai yi ba. Wannan ne ya fusata 'yan Italiya a 1986 da aka zo buɗe McDonald's a kusa da shahararrun matakalan nan da ke birnin Rum, waɗanda ake kira Matakalan Sifaniya. Daga wannan bore Carlo Petrini ya kafa ƙungiyar Slow Food mai kare girkin gargajiya, wadda aka rattaba hannu a kan manufofinta a Faris a 1989. Girkin dattijuwar nan ba a rubuce yake ko'ina ba, Malam. Idan ba wanda ya tsaya kusa da tukunyarta ya koya, ya tafi ke nan.

Ɗan_Hanya:

Na gode ƙwarai, kowa ya buɗe mini ido ta wani gefen. Hajiya Maman_Biyu, da ni ne a matsayinki abin da zan yi ke nan, ba na ganin laifinki ko kaɗan. Ni ma ba zan daina shiga masu rassa a hanya ba.

Maganar Baƙon_Gari ce ta tayar da ni jiya. Na je na tambayi mai shagon da ke jikin nasu, ya haɗa ni da ɗan nata. Mai_Lissafi, kamar kana wurin: mai ginin ne ya ƙara haya, ita kuma gwiwoyinta sun daina ɗaukar tsayuwar awa tara. Sun yi wata huɗu suna ta lissafi kafin su haƙura, a cikin watannin nan na zauna a teburin taga ba sau ɗaya ba, ban lura da komai ba, su ma ba su faɗa ba. Wannan ya fi rasit ɗin yi mini ciwo. Shekara 11 tana riƙe da maganar gishirina, ni ko sau ɗaya ban tambaye ta yaya ciniki ba.

Na gaishe ta ta waya. Abin da ta fara tambayata shi ne ko ina kiyaye abin da likita ya ce.

Ɗan ya ce yana neman ƙaramin wuri, ko mai tebur uku ne, shi zai shiga kicin da kansa, ita ta zauna a kujera tana duba hannunsa. Tukwanen da allon duk suna nan ya adana. Ranar Asabar za mu je ganin wani shago tare, ni zan duba masa wayoyin wuta da inda firji zai zauna, tunda wannan ne abin da na iya. Malam Tsohon_Kuku, idan ba damuwa, takardun kwanan wata da kuke mannawa a roba da tsinken auna zafin nan, ka yi mini bayanin yadda kuke amfani da su dalla-dalla, in kai masa.