Wiwi a Amurka: jiha ta halasta, amma wa ta kare?

Baban Yara, Bronx: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya uwargida na wanki ta zazzage aljihun wandon babban yarona, sai ga ƙullin wiwi a 'yar leda ya faɗo. Shekarunsa 22. Da na zaunar da shi, kai tsaye ya ce, "Baba, ai doka ta yarda." Na bincika, da gaskiyarsa: tun Maris 2021 New York ta bar wanda ya kai 21 ya riƙe har oza 3, wajen giram 85 ke nan. Maganar haram na yi masa, zan kuma ci gaba. Abin da ke hana ni barci shi ne bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, katin zaman dindindin ne da shi. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya taimaka.

Maman Biyu, Maryland: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Mu nan oza ɗaya da rabi ne, tun 1 ga Yuli 2023, da tushe biyu a gida. Amma tsoronka a kan hanya yake. Ƙanena na raka wajen lauya kan takardun zama ɗan ƙasa. Kafin ta buɗe fayil ta tambaye shi, ya taɓa sha, ko ya taɓa aiki a shagon sayar da ita? Ya yi wata huɗu a irin shagon nan, mai lasisi, har haraji ake cire masa. Ta ajiye biro ta dube shi. Ta ce shige da fice na gwamnatin tarayya ne, a wajensu wiwi laifi ce ko a wace jiha, kuma tun 2019 hukumar ta bayyana cewa ko aikin shagon zai iya hana mutum shaidar kyakkyawan hali da ake buƙata kafin a ba shi zama ɗan ƙasa. Dole ya ɗage neman. A mota bai ce uffan ba har muka iso gida.

Direban Tirela, Houston: Ni abin da nake gani a hanya zan faɗa. Texas ba ta san wannan zancen ba. Ƙasa da oza 2 ma, ana iya ɗaure mutum har kwana 180 da tarar dala 2,000. Man wiwin nan da samari ke zuƙa a bututu kamar biro ya fi muni, ko bai kai giram ɗaya ba babban laifi ne. Yaron maƙwabcinmu ya sayo a Colorado da rasit ɗinsa, ya ɗauka rasit zai cece shi. A sel ya kwana, uwarsa na kuka ana haɗa kuɗin beli a masallaci. Mu kuma direbobi, fitsari ya nuna, ka sauka daga mota ke nan, ko da a jiharka halas ce a doka.

Ɗan Zongo, Newark: New Jersey oza 6, amma shuka ko tushe ɗaya laifi ne. Tsallaka kogi da ita zuwa New York ma laifin tarayya ne, duk da jihohin biyu sun halasta.

Maman Biyu: Alhaji, na manta abu ɗaya. Lauyar ta ce sassaucin da dokar kora daga ƙasa ta yi wa mai kati, laifi ɗaya ne tak, giram 30 ko ƙasa, na shan kai. Ka ga ko rabin abin da New York ta bari bai kai ba. Kada ya yi tafiya gida kafin ya ga lauya, don a filin jirgi ake tambaya idan an dawo.

Baban Yara: Innalillahi. Mun riga mun saya masa tikitin Kano na bikin ƙanwarsa. Na gode Hajiya, gobe da safe zan kai shi wajen lauya da kaina.