Shin yaƙin Sudan zai tsaya a cikin Sudan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 hankalina bai kwanta ba. Idan wutar ta ƙetara iyaka, me zai sami maƙwabta?

Ɗan Abeche: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ta riga ta taɓa mu, domin dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun shigo Chadi ta garin Adre da ke kan iyaka, kuma ƙabilun da ake kashewa a Darfur suna da dangi a wannan ɓangaren, har cikin rundunar sojan ƙasar, abin da ke matsa wa gwamnatin N'Djamena lamba.

Hajiyar Gadarif: Ɗan'uwa, ka duba tattalin arziki ma. Man Sudan ta Kudu ta bututun Sudan yake fita zuwa Bahar Maliya, kuma da bututun ya lalace a 2024, ma'aikatan gwamnatin Sudan ta Kudu sun yi watanni babu albashi.

Malamin tarihi: Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannun ƙasashen waje. Sudan ta yanke hulɗa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Mayun 2025 bisa zargin ba RSF makamai, zargin da Daular ta musanta.