Wa kuke tunawa cikin 'yan wasan da ba a sayen rigarsu?

Na-Tudun-Wada: Salamu alaikum. Kullum hirar majalisarmu Okocha, Ronaldinho, Zidane. Na gaji. Ni yau waɗanda nake cigiya su ne matsakaitan nan da muka yi shekaru muna biyan kuɗin gidan kallo muna ganinsu, ba mai sa hotonsu a waya, amma da su aka ci kofi. Nawa shi ne Pascal Cygan na Arsenal, mai sanƙon nan da aka sayo daga Lille a 2002. In ka ga sunansa a jerin masu farawa, 'yan Arsenal sai su fara salati. Duk da haka yana cikin tawagar da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta ba a Firimiya, kofin da Gerrard har ya bar Liverpool bai taɓa ɗagawa ba. Wa kuke tunawa?

Abban Sadik, Rigasa: Wa alaikumus salam. Djimi Traoré mana! A Janairun 2005 ya ci gida da dunduniya a wasan Burnley, aka fitar da Liverpool daga kofin FA. Watanni kaɗan sai ga shi a Istanbul, ya share ƙwallon Shevchenko daga kan layi, ya dawo da kofin Zakarun Turai. Rabo ke nan.

Ɗan Kawo: Rory Delap na Stoke. Da ƙafa dai ba abin a zo a gani, amma jifarsa ta fi kwana haɗari. Ya goge ƙwallo da tawul, ya ja da baya har jikin allon talla, sai ka ji gidan kallo ya yi tsit. A Nuwamban 2008 Stoke ta ci Arsenal 2-1, duka biyun daga jifarsa, ta biyun ma ɗanmu Seyi Olofinjana ne ya tura ta raga. Malam Na-Tudun-Wada, ka yi haƙuri da tonon.

Baba Kakuri: Ku yaran nan duk idonku na Ingila. Ranchers Bees ta nan garin Kaduna ta je wasan ƙarshe na kofin Cup Winners' Cup na ƙungiyoyin Afirka a 1988, ta ci na WAFU, wato na Afirka ta Yamma, a 1989, amma yau in aka ambace ta Amokachi kaɗai ake kira. Shi kaɗai ya buga? In kuma Super Eagles ce, ku sa Garba Lawal. Ba ya yanka, ba ya burga, inda aka ajiye shi nan zai yi aiki har a tashi.

Na-Tudun-Wada: Baba, a gafarce ni, amma Garba Lawal ba ya cikin wannan sahu. Mutumin da ya ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta 1996, kuma ƙwallonsa ce ta kufce wa Zubizarreta ranar da muka ci Sifen 3-2 a 1998? Rashin surutu ne kawai ya sa ake raina shi. Sunayen sauran 'yan Ranchers ɗin nake so ka kawo mana, tunda kai ka kalle su a fili.

Abban Sadik, Rigasa: Kafin Baba ya dawo daga masallaci, 'yan Manchester sun yi shiru kan Djemba-Djemba. Shekara ɗaya aka sayo shi da Ronaldo fa, 2003.