B ya ƙi fitowa idan baka irin (x + 2) ta maimaitu a ƙasa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in raba wannan zuwa ƙananan kashi:

(5x + 4) / [(x − 1)(x + 2)²] = A/(x − 1) + B/(x + 2) + C/(x + 2)²

Da na ninka kowane ɓangare da abin da ke ƙasa, sai na samu:

5x + 4 = A(x + 2)² + B(x − 1)(x + 2) + C(x − 1)

Na sa x = 1, 9 = 9A, wato A = 1. Na sa x = −2, −6 = −3C, C = 2. To B fa? Duka biyun share shi suke yi. Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna: ai x = 1 yana mayar da ƙasa sifili tun farko. Me ya ba mu ikon sa shi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ka riga ka ci ƙarfin aikin, ɗan'uwa. Dubi x² kawai. A hagu babu shi. A dama akwai A + B. Ke nan A + B = 0, B = −1. Ko ka sa x = 0: 4 = 4A − 2B − C, amsar ɗaya ce.

Amsa ta biyu:
Tambayarka ta biyu ce ta sa na tsaya, domin ɗalibai da yawa suna wucewa ba su taɓa yin ta ba.

Gaskiya ne, a layin farko x ba zai zama 1 ba. Amma a layi na biyu babu rabawa, folinomiyal (jimlar lambobi da x, x² da makamantansu) ne hagu da dama, kuma ba wanda ya wuce x². Irin waɗannan, in sun yi daidai a wurare uku daban-daban, to abu ɗaya ne su, ko'ina. Namu kuwa sun yi daidai a kowace lamba in ban da 1 da −2, don haka dole su yi daidai a can ma. A layi na biyu kake sa x = 1, ba a na farko ba.

Sa lambar da ke mayar da baka sifili ita ce dabarar rufe baka da ake jingina wa Oliver Heaviside, masanin lissafi ɗan Ingila. Idan baka ta maimaitu, mai babban iko kaɗai take bayarwa kai tsaye, C ke nan a nan. Shi ya sa B ya ɓuya maka.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na gwada x = 2: hagu 14/16, dama 1 − 1/4 + 1/8 = 7/8. Ya fita. In da x² + 1 ne a ƙasa, Bx + C zan sa a samansa ko?

Mai amsa ta biyu:
Haka ne. Can babu lambar gaske da za ta mayar da shi sifili, sai ka daidaita lambobin gaban x², x da wadda ke ita kaɗai.