Abokin zamana a aji ya rasu, an ce ni zan rubuta tarihinsa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata 2 ke nan da rasuwar wani da muka yi sakandare tare, ni kuwa ban ji ba sai shekaranjiya. Yadda ma na ji ɗin ya fi tsaya mini a rai. Facebook ne ya tuna mini ranar haihuwarsa, na shiga zan yi masa fatan alheri, sai na tarar kowa "Allah ya jiƙansa" yake rubutawa.

Shekara 3 benci ɗaya muke zama. Bahago ne, kullum gwiwar hannunsa sai ta ture tawa muna rubutu, har muka yi sulhu ya koma gefen hagu. Bayan littafinsa na lissafi duk zanen motoci ne. Ranar da jiri ya kwashe ni a taron safe, shi ya goya ni zuwa ɗakin shan magani, yana tafe yana mita wai na cika nauyi.

Yanzu 'yan ajinmu sun ce in rubuta 'yan shafuka a kansa a bai wa 'ya'yansa, wai ni na fi kowa saninsa. Alhali rabona da shi shekara 14. Ba faɗa muka yi ba, hidima ce ta raba. Bara ya turo mini "Mutumina, ka ɓuya", na karanta na ce anjima zan amsa. Anjiman ke nan. Yaron na sani, magidancin ban san shi ba. Ga shi kuma yana da zafin zuciya, har an taɓa dakatar da shi saboda dambe. In karɓi aikin? In na karɓa, in saka wannan?

Malama mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Ɗana, karɓi aikin. Abin da kake gani naƙasu ne, shi ne ma dalilin da ya sa ya dace da kai. Matarsa ta san miji, abokan aikinsa sun san ma'aikaci, amma ɗan shekara 15 mai zanen motoci, wa ya rage da zai ba 'ya'yansa labarinsa? Na karanta irin waɗannan rubuce-rubuce da yawa a kan ɗalibaina, kusan duk abu ɗaya ne: mai haƙuri, mai fara'a, ba ruwansa. Cire sunan ka sa na wani, ba wanda zai lura. Kai kuwa a layi uku ka sa na ga mutum. Rubuta goyon nan da mitar, kada ka gyara ta.

Ɗan bencin baya:
Yallaɓai, ni a kan damben zan yi magana. Ka bar shi. Hadisi ne ingantacce a Bukhari daga Nana A'isha, an hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka aikata. Ba ya nan balle ya kare kansa.

Malama mai ritaya:
Gaskiyarka, sai dai ba kowane ambato ne zagi ba. A fara tambaya: a kan me aka yi damben? In wani ƙaramin yaro ya tare wa, ai abin alfahari ne.

Mai tambaya:
Malama, kamar kina wurin. Wani babba ne ya ƙwace wa ɗan aji ɗaya takalmi.

Ɗan bencin baya:
To, na janye rabi. Amma batun dakatarwar a bar wa iyalinsa su yanke.

Yaya Babba:
Ƙanena, ni na rasa miji, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu. Kafin ka ɗora alƙalami, ka kira gidan. Kada su tsinci hotunansa suna yawo ba da saninsu ba, kuma kada ka rubuta ciwon da ya yi ajalinsa sai sun yarda. Jinkirin ma kada ya hana ka. Makon farko gida cike yake, a wata na biyu ne ake yin tsit, a lokacin kiran waya ɗaya yake da daraja. Maganar saƙon da ba ka amsa ba kuwa, kada ka kai musu. Naka ne, ba nasu ba. In ka faɗa, su za su koma rarrashinka. Ka yi masa addu'a. Wanda ke fushi da kai ba ya ce maka mutumina.

Mai gyaran waya:
Allah ya ba da haƙuri. Abu biyu, oga. Iyalinsa za su iya neman Facebook ya mayar da shafin na tunawa, ana buƙatar shaidar rasuwa. Daga nan ba mai iya shiga asusun, kuma an daina tura wa mutane sanarwar ranar haihuwa, kada wani ya ji yadda ka ji. Na biyu, WhatsApp kan goge asusun da ya yi kamar kwana 120 ba a taɓa shi ba, layin ma wata rana kamfani zai bai wa wani. Ku ce duk mai muryarsa ko hotonsa ya adana a wani wurin tun yanzu, kafin waya ta faɗa ruwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya, na bi maganarki, ɗazu na kira yayarsa. Sai da na yi ta kame-kame kafin in faɗi sunana, ashe ta gane ni, wai "kai ne mai sumewa?" Ta ce a rubuta har damben, dakatarwar ce dai a bari. Mun fi rabin awa muna magana. Wai babbar 'yarsa ma bahaguwa ce, kullum ana kawo ƙararta tana ture 'yar bencinsu. Da wannan zan fara.