Romon kaza da shinkafa: me zan yi shinkafar ta daina shanye ruwan?

Maman Ikram

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan romon kaza mai shinkafa, irin wanda ake sha da cokali, da nama da karas a ciki, kwano ɗaya ya ƙosar da mutum. Matsalolina uku ne. Romon yana fitowa a gurɓace, mai yana yawo a kai, kuma babu gardi sai na cika masa dunƙule. Tsokar ƙirjin tana bushewa, ta zama zare-zare a baki duk da a cikin ruwa ta dahu. Babbar damuwar kuma, da an sauke an ɗan jima sai shinkafar ta shanye ruwan ta caɓe, washegari kuwa babu romo ko ɗigo. Kaza ɗaya nake sawa mai kimanin kilo 1 da rabi, shinkafa kofi 2, ruwa lita 3, in haɗa komai a tukunya in ba shi awa ɗaya. Don Allah masu sani a taimaka mini da ma'auni da lokaci.

Hajiya Babba

Wa alaikumus salam 'yata. Matsalolin nan naki duk tushensu ɗaya ne: kin haɗa abubuwa uku da lokacin dahuwarsu ya sha bamban. Ƙashi yana son kusan awa ɗaya da rabi kafin ya saki abin da ke cikinsa, tsokar ƙirji minti 20 zuwa 25 ya ishe ta, farar shinkafa kuma wajen minti 15. Da kika ba su awa ɗaya tare, ƙashin bai gama ba, sauran biyun kuma sun zarce.

Ki fara da romon shi kaɗai. Ki yanyanka kazar kashi takwas, kuma kada ki yar da wuya da baya da fukafukai, har ƙafafu in akwai su, don a nan gardin yake. Guringuntsi da jijiya da fata su ne suke narkewa a hankali su ba romo jiki, har ki ga in ya kwana a firji ya daskare yana rawa. Tsokar ƙirji ba ta da wannan, shi ya sa romon da aka yi da ita zalla yake fitowa lami.

Ki tsane naman sosai, jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa. Ki zuba mai babban cokali 2 a tukunya mai kaurin gindi, ki jera cinyoyi da baya da fukafukai fatar na kallon ƙasa, ki ƙyale su minti 5 zuwa 6 ba juyawa har su yi ja. Jan nan da ya kama a gindin tukunya shi ne zai ba ki launi da ƙamshin da kike nema a dunƙule. Amma ja na ce, in ya yi baƙi ɗaci zai kawo. Sai ki zuba ruwan sanyi lita 3, ki kankare gindin da cokalin katako, ki sa ƙirjin da ƙashinsa da fatarsa.

Wajen wuta ne yawanci ake ɓata aikin. Ki bar ruwan ya hau a hankali. Dab da tafasa za ki ga kumfa mai ruwan toka tana taruwa a sama, ki yaɗe ta da ludayi sau biyu ko uku. Daga nan ki rage wuta ƙasa sosai, yadda tafasar za ta riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya nan da can, ki ɗora murfi a karkace. In kika bari yana ɓararraka, ƙarfin tafasar zai farfasa maiƙon da kumfar su gauraye da ruwan, kuma da zarar sun gauraya babu ludayin da zai raba su. Gurɓacewar da kike gani ke nan.

Bayan kin yaɗe kumfa ki jefa albasa 1 da aka raba biyu, karas 1, sandar seleri 1, tafarnuwa ƙwaya 4 a ɗan daddanne, ɗanyar citta kamar tsawon rabin babban yatsa, ganyen bay 2, masoro ƙwaya 10 ba a daka ba, da gishiri cokalin shayi 1 kacal. Sauran gishirin sai ƙarshe, saboda ruwan zai ragu.

Minti 20 zuwa 25 da fara tafasa ki tsame ƙirjin. Ki yanka wuri mafi kauri ki duba, in ya yi fari har ciki babu jaja-jaja ya yi. Mai na'urar auna zafin abinci ta nemi digiri 74 a ma'aunin Selsiyas. Cinyoyi ki ƙara musu minti 15, su ba sa bushewa da wuri. In naman ya ɗan huce ki cire shi daga ƙashi da hannu, ki yayyaga manya-manya, ki watsa masa romo ludayi ɗaya ki rufe. Ƙasusuwan ki mayar tukunya su ƙara minti 45. Sannan ki tace a rariya, kayan da kika jefa sun gama aikinsu, ki zubar. Za ki samu romo wajen lita 2 da ɗan ɗori zuwa lita 2 da rabi. Ki bar shi ya natsa minti 5, ki kwashe man da ya taso, amma ki rage kamar cokali 2, romon da babu maiƙo ko kaɗan ba ya daɗi.

Baban Sadik

Hajiya ta gama magana a kan romo, Allah ya ƙara girma. Ni a kan shinkafar zan tsaya. 'Yar'uwa, kofi 2 ya yi yawa ƙwarai. Shinkafa tana ninka kanta wajen sau uku idan ta dahu, kofi 2 ɗin nan kofi 6 ne a tukunya, kuma ba ta daina shan ruwa don an kashe wuta. Muddin tana zaune cikin romo mai zafi tana ci gaba da kumbura har ta fashe ta saki sitacinta.

Ma'aunin da yake tsayawa shi ne giram 50 zuwa 60 na ɗanyar shinkafa a kowace lita ta romo. A tukunyarki wajen giram 130 ke nan, wato kimanin kashi uku cikin huɗu na kofi. Lokacin zubawa za ki ga kamar ta yi kaɗan, kada ki ƙara.

Irin shinkafar ma yana da tasiri. Doguwar fara tana ɗaukar minti 15 zuwa 18. Basmati ta fi sauri, minti 10 zuwa 12, kuma tana saurin kakkaryewa. Wadda aka turara kafin a casa ta ita ce ta fi jure zama cikin ruwa, tana ɗaukar minti 20 zuwa 25 amma tana tsayawa ƙwaya-ƙwaya. Gajera mai danƙo kuwa kauri za ta kawo miki ko ba ki so. Mai dusa a jiki tana neman minti 40 zuwa 45, don haka a riga karas sa ta. Kowacce ce dai ki wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya fara haske.

Haɗin ƙarshe: a tukunya mai tsabta ki soya albasa 1 da karas 2 da seleri sanda 2 a ɗan mai ko bota, yanka ƙanana kamar girman ƙwayar masara don su hau cokali tare da shinkafa. Minti 6 zuwa 8 a matsakaiciyar wuta, su yi laushi ba su yi ja ba. Ki juye romon, in ya tafasa ki zuba shinkafar, ki juya sau ɗaya kada ta kama gindi. Ki kashe wuta tun tana da sauran ɗan ƙarfi a tsakiya, wato minti 2 ko 3 kafin lokacinta, ki zuba naman ki rufe na minti 5. Zafin da ke ciki zai ƙarasa ta, naman kuma ɗumi kawai yake buƙata. Kada ki sake tafasa shi, aikin da Hajiya ta ce ki yi na tsame ƙirji da wuri zai tashi a banza.

Gishiri a nan za ki daidaita. Kimanin giram 7 zuwa 8 a lita, wato jimillar cokalin shayi 3 a tukunyar har da wanda kika sa tun farko. Ki riƙa ƙarawa rabi-rabi kina ɗanɗanawa. In kin sa dunƙule ki rage, shi ma gishiri ne mafi yawansa.

Anti Ladi

Malam, ma'auninka daidai ne in za a cinye a zama ɗaya. Amma ita fa ta ce har washegari take so ta tarar da romo, kuma ko giram 130 ɗin ne, in ya kwana a ciki sai ya sha ya kumbura. Maganin wannan ɗaya ne, a dafa shinkafar daban. Ƙanwata, ki ɗebi romo kofi 1 da rabi ki dafa shinkafar a ƙaramar tukunya da shi, ta haka ba za ta zama salam ba. Wajen zubawa ki sa shinkafa cokali 3 ko 4 a gindin kwano, ki kwarara romo mai zafi a kai. A firji ma kowanne mazubinsa daban.

Na san abin da za a ce, wadda ta dahu a ciki tana ba romon ɗan kauri mai daɗi, kuma gaskiya ne. In kina son wannan kaurin, ki ɗebi dafaffiyar shinkafa rabin kofi ki markaɗa da romo ludayi 2 ki mayar. Kin samu kaurin, kuma ba zai ƙaru cikin dare ba.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: bayan an sauke ki matse lemon tsami rabi. Sau da yawa romon da ake jin kamar gishiri ya yi masa kaɗan, tsami yake nema. Ki barbaɗa yankakken ganyen faski (parsley) da dakakken masoro a lokacin, in suka daɗe a wuta ƙamshinsu guduwa yake yi.

Maman Ikram

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta sosai. Sauran tambaya biyu. In tsohuwar kaza ce mai tauri, lokutan nan za su yi? Kuma in gishiri ya zarce, da gaske ne dankali yana janye shi?

Hajiya Babba

Lokutan da na ba ki na kazar gidan gona ne mai taushi. Tsohuwar kaza ta fi ba da romo mai gardi nesa ba kusa ba, sai dai tana son haƙuri: awa 2, wata har 2 da rabi, duk a ƙaramar wuta. Ita ba a tsame ƙirjinta a minti 25, a lokacin ko haƙori ba zai shige ta ba. Ki bar ta har sai cokali mai yatsu ya shiga cinyar ba gardama. Ki ajiye ruwan zafi a gefe ki riƙa ƙarawa duk sanda naman ya fara leƙowa sama, kuma ƙara wuta ba ya sa ta yi laushi da wuri, gurɓata romon kawai zai yi.

Dankali kuwa ruwan yake sha da gishirinsa tare, abin da ya rage a tukunya zaurinsa yana nan. Ki ƙara ruwan zafi ko romon da ba gishiri, kofi ɗaya-ɗaya, ko ki zuba shi a kan shinkafar da aka dafa ba gishiri.

Ummu Nana

Tunda ana maganar kwana, bari in ja hankali a kan ajiya, don a nan ake samun ciwo. Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, sai su farka su hayayyafa su saki guba, kuma gubar nan ɗumame ba ya lalata ta. Amai take sawa cikin 'yan awanni bayan ci, kuma abincin kan iya kasancewa ba wari ba canjin ɗanɗano.

Saboda haka kada a bar tukunya a rufe a kan murhu ta kwana. Cikin awa 2 da saukewa ya kamata ya shiga firji, in ana zafi sosai cikin awa 1. Babbar tukunya ba ta hucewa a wannan lokacin, tsakiyarta tana riƙe zafi, don haka a rarraba a faffaɗan robobi marasa zurfi, ko a tsoma gindin tukunyar cikin ruwan sanyi ana juyawa. Romo da nama za su kai kwana 3 zuwa 4 a firji, shinkafar gara a cinye ta washegari. A firiza romon zai yi wata 3 lafiya, amma ban da shinkafar a cikinsa, in ta narke a romo dagargajewa take yi, gara a dafa sabuwa ranar da za a sha. A bar ɗan fili a saman robar saboda ruwa yana kumbura in ya ƙanƙare.

Wajen ɗumame ki ɗebi iya wanda za a ci, ki bar romon ya tafasa sosai, sannan ki zuba nama da shinkafa su yi minti 2 zuwa 3 har zafi ya ratsa su ko'ina. Wanda aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa firji.