Neman shawara: da me zan gina tsauni a teburin ƙaramin jirgin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin jirgin ƙasa na wasa ma'aunin HO, wato 1:87 na girman jirgin gaske, na shimfiɗa layinsa kan filawud a nan Zariya. So nake in ɗora masa tsauni irin Dutsen Kufena, da rami da jirgin zai ratsa. Yumɓu ya fi ko siminti?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, bar su duka biyun. Yumɓu da ya bushe zai tsage, siminti kuma nauyinsa zai lanƙwasa katakon har layin ya goce. Nemi farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari. Ka jera shi hawa-hawa, ka manna da farin gam na kafintoci irin Top Bond, ya kwana, sannan ka sassaƙa da wuƙa. Kada ka kai masa Evo-Stik ko fentin feshi, narkar da shi suke yi.

Amsa ta 2: A kan soson sai POP, farin garin nan da ake yin silin da shi. Gwangwani 2 na gari ga 1 na ruwa, kuma garin ake zubawa cikin ruwan. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, cikin minti 15 ya fara kamawa. Tsoma yankakken tsumma a ciki ka lulluɓe tsaunin, kauri kada ya wuce milimita 3. Da hunturu ka fara yayyafa ruwa a wurin, in ba haka ba iska ta shanye ruwan kafin ya kama, ya riƙa zubowa kamar gari. Kada ka lulluɓe shi da takarda da kokon fulawa, abincin kyankyaso ne da gara.

Amsa ta 3: Ni ramin ya fi damuna. Ka bar santimita 8 daga layi zuwa rufi, da ƙofa ta baya inda hannu zai shiga in tarago ya sauka daga layi. Hawan layin kada ya wuce santimita 2 a kowace mita.

Amsa ta 4: Launi, jar ƙasarmu ta isa. Tankaɗe ta, ka bi da maganaɗisu a kai, don ɓurɓushin ƙarfe injin jirgin zai janye shi ya lalace. Barbaɗa, ka ɗiga gam kashi 1 cikin ruwa kashi 3, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. Rufe layin da tef tukuna.